Ita Ta Faɗa, Ko Kai Ka Ƙara?

Ku tsayar da dariyar nan tukuna. Tun ɗazu nake jin ku, wai kakanku bai yi sana'a ba, zama kawai ya yi a gindin bishiya, mutane na magana yana kwashewa a takarda. Kai Nura har da cewa ko ɗan firamare zai iya. To madalla. Ku da kuke latsa waya da babban yatsa, ku aika wa mutum saƙo rabi Turanci rabi hoton dariya, ku saurara in gaya muku abin da ake kira rubuta wasiƙa. In na gama, mai sauran dariya ya ci gaba.

A Sabon Garin Kano na koyi aikin, a hannun Malam Bulus, wani Kirista mutumin ƙasar Zariya, wanda ya yi koyarwa kafin ya kafa tebur a gefen gidan waya. Shekara huɗu na yi a ƙarƙashinsa, kuma shekarar farko ko wasiƙar gaisuwa bai bar ni na taɓa ba. Jan layi da rula, wanke bakin alƙalami, jiƙa ƙaron liƙe ambulan, iyakata ke nan. Kayan aikin ba su da yawa: tebur mai aljihu ɗaya, bencin masu zuwa, kwalbar tawada, alƙalami mai bakin ƙarfe, takardar tsotse tawada, sai gwangwanin da muke ɓoye kan sarki a ciki don kada gumi ya manne su. Bakin alƙalamin nan kuwa lallaɓa shi ake yi. Ka danne shi ya buɗe, sai ya riƙa tsartar da tawada, kuma takardar da ta ɗiga ba a aika ta, mai karɓa zai ce raini ne. Ni na zo da ajamina tun daga makarantar allo, shi ya ɗora min boko. Saboda haka duk wanda ya zauna, tambayar farko ita ce wa zai karanta a can. In malamin zaure ne, ajami, in akawu ne, boko.

Wata rana wani mahauci ya zo zai aika wa ƙanensa takarda Ibadan. Ya yi gaisuwa, ya ba da labarin damina da tsadar shanu, ya yi shiru. Na miƙa hannu zan ɗauki ambulan, sai Malam Bulus ya buge min hannu da rula. Na janye hannuna. Can mahaucin ya sosa ƙeya ya ce, "Af, na manta. Ka ce masa matarsa ta koma gidansu." Da ya tafi, Malam ya ce da ni, "Sule, wanda ya zo da magana mai nauyi ba ya sauke ta a farko. Duk abin da ya kawo mutum yana cikin 'af, na manta'. Kada ka ƙara saurin ɗaukar ambulan." Shi ya koya min kuma cewa duk takardar da ka rubuta sai ka karanta wa mai ita ya ji kafin ka liƙe, kuma abin da ka ji a bencin nan ko matarka ba ta ji, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Abu ɗaya ne ya yi ta fama da ni a kai bai ci nasara ba, wato ƙara gishiri. Ni gwanin kwalliya ne. Mutum zai zo da magana a tsaye kamar taɓarya, in lanƙwasa ta, in shafa mata mai. "Takarda ta fito daga hannun wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci," in bi da addu'o'in da mai takardar bai taɓa tunaninsu ba. In na karanta masa sai ya washe baki ya ce, "Ashe haka na faɗa!" Har aka san ni da shi, ana cewa hannun Malam Sule da zaƙi. Kaina kuwa ya yi ta kumbura.

Sai shekarar nan ta zo da aka yi tarzoma tsakanin Sabon Gari da mutanen birni da Fagge. Ba zan ba ku labarinta ba, ba na son tunawa. Abin da ya shafi sana'a shi ne, bayan ƙura ta lafa, mutane suka daina ƙetarawa. Na Fagge ba ya son zuwa Sabon Gari, na Sabon Gari ba ya son a gan shi zaune gaban Bahaushe yana faɗin sirrinsa. Mukan wuni tawada na bushewa a kwalba. Ga kuma azuzuwan yaƙi da jahilci sun buɗe, kowa ya iya haɗa baƙi biyu sai ya ce ya fi ƙarfin mai wasiƙa. Malam Bulus ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar min teburin da rular da ya buge ni da ita. Na ɗauko su a ka na dawo Fagge, na kafa a gindin wani ɗurumi. Wata shida muna cin tuwo ba nama a gidana kafin mutane su saba da wurin.

Cikin waɗanda suka fara riƙe ni akwai Ya Falmata, wata tsohuwa Babarbariya da ke zaune wajen Rijiyar Lemo. Iyayenta ne suka zo da ita daga Barno tana goye, a Kano ta yi aure, a nan mijin ya rasu. Turaren wuta take haɗawa, kuma in ta doso, ƙamshinta ne ke fara yi maka sallama. 'Ya'yanta uku. Babban shi ne Modu, tela ne, yana da keke a barandar wani kanti a Kantin Kwari, kuma shi ke zaune da ita. Sai Yagana, tana aure nan kusa. Sai autanta Bukar, wanda ke Bukuru wajen haƙar kuza, har ya zama heluma, wato shugaban lebura. Duk wata sai ta sa an rako ta, tana dogara sanda, ta aika wa Bukar takarda. Bukar ɗina kaza, Bukar ɗina kaza, ka ci abinci, ka rufe ƙirjinka da sanyin dutsen nan.

Modu kuwa ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Sai dai "yayanka yana gaishe ka," ko "babban". Ku 'yan yanzu ba ku san wannan ba, uwa na rungume ɗan fari a gaban suruki tana kiransa da sunan gayu. A da kunyar ɗan fari ake yi. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yaba masa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, wata har ta mutu. Ba ƙiyayya ba ce, tarbiyya ce. Ba wanda ya taɓa tambayar ɗan farin yadda abin yake a wurinsa.

Da ciwo ya kwantar da Ya Falmata, Yagana ce ta fara zuwa. Ita dama duk rani sai ta zo ta aika wa Bukar cewa Inna na bakin mutuwa, tana kuka tana fyace hanci, ƙarshe a rufe da ya taho mata da kaza. Sau ɗaya ya taɓa tasowa a guje, ya tarar da tsohuwa tana daka turare. Amma wannan karon Yagana ba ta ɗaga murya ba. A hankali ta ce a gaya masa Inna ta daina karɓar ko kunu, ya zo. Hawaye na zuba ba ta ma share su. Nan na san abin ya zo. Na ƙi taɓa ambulan, na jira.

"Af, Malam," ta ce, "ka ce masa in ya zo ya sa baki Inna ta ba ni murjaninta tun tana da rai. Matar Yaya ta sa masa ido."

Na rubuta. A raina na ce, oh ni Sule, uwa na shirin tafiya, 'ya na lissafin wuya.

Ranar Litinin da hantsi sai ga Modu da kansa. Tun da na kafa tebur a Fagge bai taɓa zama a bencina ba. Ya ɗosana a gefe, guntayen zare manne a rigarsa, idanunsa sun faɗa.

"Malam Sule, takarda za ka yi min zuwa Bukuru. Ka ce wa Bukar Inna ta samu sauƙi. Tana cin abinci, har tana fitowa tsakar gida. Kada ya tayar da hankalinsa, ya bari sai da salla ya zo."

Na ɗago na dube shi. Shi kuwa tururuwa yake kallo a ƙasa.

"Ashe sauƙi ya samu? Alhamdu lillahi."

"Kai dai rubuta."

Na rubuta, na karanta masa, ya gyaɗa kai. Na ajiye alƙalami ina jira. Ya miƙe, ya sake zama, sai ya ce, kamar da kansa yake magana, "Shekara shida ni ke ɗaga ta, ni ke kwantar da ita. Kwana nawa ya rage? A bar ni da ita mana."

"In sa wannan a ciki?"

"A'a! Wannan ba na takarda ba ne."

Ya bar min ita in jefa masa a akwatin gidan waya, ya yi sauri ya koma bakin kekensa. Ni kuwa na riga na yanke masa hukunci. Na ce gida yake hange, so yake tsohuwa ta cika ba auta a kusa, ya yi yadda ya ga dama. Na buɗe aljihun tebur na jefa takardar na rufe. Sha biyun rana ake ɗaure jakar da jirgin ƙasa zai ɗauka. Wa zai sani? Takardu nawa ke ɓata a hanya? In na riƙe ta, ta Yagana ce kaɗai za ta isa, wataƙila yaro ya zo ya ga uwarsa. In na aika, da hannuna na rubuta ƙaryar da za ta hana shi. Na rubuta wa mutum biyu wasiƙa a tsakanin nan, wallahi ban san abin da na sa musu ba. Abin da ya dame ni muryar Malam Bulus ce, yana cewa, "Kai ɗan aike ne, ba alƙali ba. Ran da ka fara zaɓen saƙon da zai tafi, ka ƙone teburin." Saura kaɗan a rufe na zaro ta, na ruga Sabon Gari da gudu, na jefa. Ranar ban iya cin abinci ba. Na ji haushin Modu, na ji haushin kaina, na ji haushin sana'ar gaba ɗaya.

Ranar Alhamis Yagana ta zo ta ce Inna na kira, in taho da kayan aikina. Modu yana Kwari a lokacin. Ɗakin ƙarami ne, ƙamshin turare ya kama har bango. Tsohuwa ta ƙare, ta zama kamar yarinya a cikin zane, amma an jera mata matasai tsaf a baya, kuma idanun nan suna nan da ransu.

"Ɗan nan, ka zo? Zauna inda zan gan ka." Ta huta. "Babban ya je wurinka ran Litinin."

Na shiga gyara takarduna.

"Ba tambayarka nake yi ba, riƙe amanarka. Ya dawo ya kasa duban idona, ya gyara min matashin nan ya fi sau biyar. Ni na haife shi, na san abin da ya aika." Ta ƙura min ido. "Ji yadda ka ɗaure fuska. Kana zaton gidan nan yake so? Wannan da damina ke shigowa ta ko'ina? Kayya, Malam Sule. Ka iya rubutu, ba ka iya karatu ba."

Shekarata goma da alƙalami a hannu, ba wanda ya taɓa gaya min haka. Kunya ta rufe ni.

Ta karkata kai wajen ƙofa inda Yagana ke tsaye. "Ita kuma waccan murjani ne, ko?" Yagana ta rufe fuska da mayafi. Tsohuwa ta yi 'yar dariya har tari ya sarƙe ta. "Za ki samu. Bar ganin haka, Malam, tana sona, tana son murjani, duka biyun gaskiya ne, a ciki ɗaya suke kwana. Ba ka ji an ce so duka so ne, amma son kai ya fi ba? In mutuwa ta shigo gida, kowa abin da ya rasa yake tunawa. Ni ma da ka gan ni nan, nawa son kan zan yi yau. Buɗe tawadarka."

Na ce ko a buga masa waya, wato telegiram, ta fi sauri. Ta ce wayar gidan waya ta sanar da mutuwa ce, ita kuwa ba ta mutu ba tukuna, kuma abin da za ta faɗa ba zai shiga 'yan kalmomin nan nasu ba.

Ta yi magana, na rubuta. Amma hannu ya riga ya saba. Abin da ta faɗa ya yi min tsauri, na ce uwa ba ta magana haka, bari in gyara mata. Da na gama na karanta: gaisuwa mai yawa da so da yarda, bayan haka jikina ya ɗan yi nauyi, in Allah ya ba ka iko kuma manyanka sun yarda ka leƙo, in kuwa aiki bai bari ba, babu komai, na yafe maka duniya da lahira.

"Tsaya. Wace ce wannan?"

"Ke ce, Inna."

"Ni? Wannan wata tsohuwar kirki ce, ban san ta ba. Wa ya ce maka babu komai? Yaushe na ce in manyansa sun yarda? Numfashin da ya rage min kaɗan ne, na kashe shi na yi magana, kai kuma ka zubar ka sa taka. Yaga ta a gabana."

Na yaga. Na ɗauki sabuwa. Wannan karon duk kalmar da ta fito ita na sa, ko wasali ban ƙara ba. Har yau ina iya kawo ta da ka.

"Bukar, ni ce. Mutuwa zan yi. Na san in ka taso ba izini za su ba wani aikinka, matarka da 'ya'yanka su sha wuya. Na sani sarai, ka zo. Ba don ka yi min komai ba, yayanka yana yi. So nake in gan ka kawai, don daɗin raina. Shekara goma sha biyu ina ce maka zauna ka yi aikinka, ƙarya nake yi, kullum so nake ka dawo. Na gaji da kai zuciya nesa."

Na karanta mata, ta ce, "Yawwa, ga ni nan." Ta lumshe ido. Ban taɓa ambulan ba. Mun daɗe a haka, har na zaci barci ya ɗauke ta. Sai ta buɗe ido ta ce wa Yagana ta je ta ɗebo garwashi a kasko. Da ta tabbatar ta yi nisa, ta yafito ni da yatsa na matso, ta faɗi sauran. Ba zan gaya muku yanzu ba. Ku jira, yadda mai ita ya jira. Yagana ta dawo da kaskon, tsohuwa ta sa aka barbaɗa turarenta, ta ce in riƙe takardar a kan hayaƙin sai ta sha, sannan in liƙe.

Ranar Lahadi Bukar ya sauka a Kano. Na yi mamaki, don ko tsuntsu ne ya ɗauki takardar Alhamis, da ƙyar ta kai shi har ya iso. Kwana biyu ya samu da ita. Yagana ta gaya min tsohuwa ta riƙe hannunsa ba ta saki ba, Bukar, Bukar, har murya ta ɗauke. Ranar Talata bayan la'asar ta cika, kanta a kan damtsen Modu, don shi ya iya tallafe ta. Ba ta kira sunansa ba.

A wajen zaman makoki na matsa kusa da Bukar na yi masa gaisuwa, sai bakina ya suɓuce na ce, "Ashe takardar Inna ta same ka da wuri."

"Wace takardar Inna?"

"To me ya taso ka?"

"Ta Yaya mana." Ya rage murya. "Ta Yagana ta fara zuwa, na tura ta ƙarƙashin tabarma, ita duk rani sai ta kashe Inna. Sai ga ta Yaya. Malam, shekarata goma sha biyu a Bukuru, Yaya Modu bai taɓa aiko min da ko gaisuwar salla ba. Mutumin nan ya bar kekensa, ya je ya zauna a benci, don kawai ya gaya min Inna ta samu sauƙi? Akawu bai kai ƙarshe ba na shiga ɗaki na ɗauki jakata."

Mutumin da bai san alif ba ya karanta abin da ni mai rubutawa ban gani ba. Kuma takardar da na so in danne, ita ce ta kawo shi. Da na bar ta a aljihun tebur, da ta Alhamis zai jira, da sai dai ya tarar da kabari. Na ce Allahu akbar a fili, har na kusa da mu suka waiwayo. Tun daga ranar ban ƙara ganin kaina a matsayin mai wayo ba.

Bukar ya aika Bukuru a dawo masa da takardar uwarsa, amma ba a samu mai zuwa da wuri ba. Aikin kuwa ya tafi kamar yadda ta faɗa, ya kwaso iyalinsa, ya koma ɗaukar buhu a wajen dalar gyaɗa. Shi da Modu suna gida ɗaya, ba mai ce wa wani ci kanka. Modu na ganin an ƙwace masa kwana biyun da ya yi shekara shida yana jira. Bukar na ganin an so a binne uwarsa bai gani ba. Aka yi sadakar arba'in a haka, kowa na kallon gabansa.

Wata ranar Asabar da yamma ina shirin tashi sai ga su tafe, Bukar a gaba da ambulan a hannu, Modu a baya kamar an jawo shi da igiya. Ambulan ɗin ya yi dauɗa, ya sha ninki, amma ba a buɗe ba.

"Malam, ga ta ta dawo. Na ce wa Yaya maganar Inna ce, ba zan ji ni kaɗai ba."

"Takardarka ce," in ji Modu. "Ni me nawa a ciki?" Ya je ya tsaya jikin ɗurumi ya ba mu baya.

Na sa 'yar wuƙata na farke bakin ambulan. Jama'a, sai ƙamshin ya fito. Kusan wata biyu, amma kamar yanzu ta doso da sandarta. Bukar ya ɗora hannu biyu a ka. Na ga kafaɗun Modu sun motsa, amma bai juyo ba. Na fara karantawa. Bukar, ni ce, mutuwa zan yi. Na bi ta a hankali har na kai inda ta gaji da kai zuciya nesa. Bukar na kuka kamar yaro. Na ce, "Da saura," na ɗaga murya yadda za ta kai gindin bishiya.

"Saura magana ɗaya. In yayanka ya aiko maka kada ka zo, kada ka riƙe shi a zuci, ni na jawo. Shekara arba'in da biyu ban kira sunansa ba. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Kai na yi ta rawa da kai a gaban kowa, shi kuwa sai ya juya baya nake kallonsa. Ko yanzu ba zan iya a gaban idonsa ba, harshen ya riga ya bushe a haka. Amma ga shi na faɗa wa takarda, kai kuma ka kai masa. Modu. Modu, ko idona a rufe na san hannunka. Modu, Allah ya yi maka albarka."

Can Modu ya juyo, ya tako har gaban tebur, ya dafa shi da hannu biyu. Fuskarsa ba hawaye, abin tsoro ma ta zama.

"Malam Sule, duk Fagge an san hannunka da zaƙi. Ka ji tsoron Allah. Ita ta faɗa, ko kai ka ƙara?"

Kun ji tambayar. Kuma yana da gaskiyar yin ta. Shekara goma ina sa wa mutane maganar da ba su faɗa ba suna gode min, yau ga mutum duk rayuwarsa ta rataya a kan kalma ɗaya, kuma shaidarsa ita ce ni, mai ƙara gishiri. Ba a taɓa tsorata ni kamar ranar ba.

Na ce, "Modu, ka ji farkon takardar nan. Ka taɓa jin na bar wasiƙa ta fita daga teburin nan ba gaisuwa, ba addu'a, da 'mutuwa zan yi' a layin farko? Na yi mata irin tawa, ta sa na yaga a gabanta. Wallahi, wanda raina ke hannunsa, da bakinta ta faɗa. Na farkon da ƙyar ya fito, sai da ta huta ta haɗiye yawu. Na biyu da na uku kuwa ba ta tsaya ba."

Bukar ya ce, "Yaya, wannan ba Malam ba ne. Inna ce. Wa ya iya faɗa irin wannan in ba ita ba?"

Modu ya dubi takardar. Sannan ya ce, "Nuna min inda yake."

Na kama yatsansa, duk kantar almakashi, na ɗora a kan kalmar. "Ga shi nan. Ga wani. Ga kuma wani."

Ya bar yatsan a wurin. Sai ya zauna a ƙasa, babban mutum da gemunsa, takardar a ƙirji. Bukar ya durƙusa kusa da shi ya ce, "Riƙe ta, Yaya. Sunana ne a bayan ambulan, amma taka ce." Modu ya miƙo min ita ya ce in sake karanta wurin. Na sake. Ina ta sakewa har aka kira magariba, muka tashi mu uku muka yi alwala da buta ɗaya.

Daga ranar na daina kwalliya. Abin da ka faɗa shi zan rubuta, in ya yi maka tsauri ka gyara da bakinka. Wasu suka gudu, suka ce hannun Malam Sule ya lalace. Ban bi kowa ba.

Modu ya yi shekara ashirin da wani abu bayan nan. Kwana kaɗan da rasuwarsa, babban ɗansa, wanda ya yi makaranta har ya zama malami, ya same ni a gida da wata tsohuwar takarda a cikin jakar fata. Ya ce a aljihun rigar babansu aka same ta, ya karanta duka ya gane, sai wuri uku a ƙasa da takardar ta huje, kamar an yi ta goga su da yatsa.

"Baba Sule, rubutunka ne. Me ke wuraren nan?"

Na ce, "Sunan babanka ne."